Neman Gurbin Doktora a Fannin Nazarin Japan: Abin da Ke Gaban Ɗalibin Kimiyyar Harshe

Abin da jami'o'in Turai da Amurka ke kira nazarin Japan babbar rumfa ce da ta tara masana harshe, da na adabi, da na tarihi, da na addini, da na siyasa da zamantakewa. Abu guda ne ya haɗa su: kowannensu yana gina bincikensa a kan abin da aka rubuta ko aka faɗa da Japananci. Wannan sharaɗi ne ke raba takardun masu neman gurbin doktora gida biyu tun kafin a duba sauran abin da ke cikinsu. Ɗalibin da ya kammala masta a kimiyyar harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko wata jami'a ta ƙasar, yana iya kwashe shekara biyu ko uku yana aika takardu ana dawo masa da su, matuƙar bai gane cewa kwamitin zaɓe ba sha'awarsa ga ƙasar Japan yake aunawa ba. Kwamitin yana son ya ga tambaya ɗaya ƙayyadajjiya, da shaidar cewa mai neman zai iya karanta irin rubutun da amsar take ciki, da kuma malamin da ke da ikon duba aikin.

Harshen da za a yi aiki da shi

Ma'aunin da aka fi sani shi ne jarrabawar JLPT, wadda aka fara a 1984, aka kuma sake mata tsari a 2010 zuwa matakai biyar, daga N5 na ɗan koyo zuwa N1 na ƙoli. Ana zana ta a watan Yuli da watan Disamba, ko da yake wasu cibiyoyi sau ɗaya suke shirya ta a shekara. Daga cikin biranen Afirka da ake zana ta akwai Alƙahira da Akara da Abijan, saboda haka kuɗin tafiya yana cikin lissafin ɗalibin Nijar tun daga farko. Game da tsawon aikin kuwa, cibiyar da ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sanya Japananci cikin rukunin da ke buƙatar kimanin sa'o'i 2,200 na darasi a aji ga mai jin Ingilishi. Babban abin da ke cinye lokacin shi ne rubutu. Bayan jerin haruffa biyu na gaɓoɓi, hiragana da katakana, masu alamomi 46 na asali kowanne, akwai haruffan kanji da aka aro daga Sin. Jerin waɗanda hukuma ta ƙayyade domin amfanin yau da kullum, tun daga 2010, ya ƙunshi 2,136, kuma galibinsu suna da karatu fiye da ɗaya.

Sai dai N1 shaida ce ta karanta jarida da littattafan wannan zamani da kuma sauraron magana. Ba ta auna iya rubutu, ba ta auna iya magana, kuma ba ta taɓa tsohon harshe ko kaɗan. A nan ne da yawa ke tuntuɓe. A 1946 gwamnatin Japan ta sauya ƙa'idar rubutun kana, ta kuma taƙaita yawan kanji, sannan aka sauƙaƙa siffar da yawa daga cikinsu. Duk wanda bincikensa ya shafi shekarun da suka gabaci wannan lokaci zai ci karo da tsohuwar ƙa'ida da tsofaffin siffofi. In ya ƙara ja da baya zai tarar da bungo, wato harshen rubutu na da, mai nahawunsa daban, wanda da shi aka rubuta Genji Monogatari a farkon ƙarni na 11, kuma da shi aka ci gaba da rubuta dokoki har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Akwai kuma kanbun, wato rubutun Sinanci na da wanda Japanawa ke karantawa da tsarin jumlar harshensu ta hanyar ƴan alamomin da ke nuna inda ido zai koma. Mai aiki da takardun hannu yana buƙatar kuzushiji, rubutun sarƙa wanda mafi yawan Japanawan yau ba sa iya karantawa sai sun koya. Wanda ya taɓa fama da tsohon rubutun ajami marar wasulla, na hannun wani malami da ya rasu shekara ɗari da suka wuce, ya san irin haƙurin da ake magana a kai.

Abin da wannan ke nufi ga mai nema shi ne, kafin ya ce ya iya Japananci, sai ya san wane Japananci tambayarsa ke buƙata. Mai nazarin tsarin sauti na harshen yau zai iya wadatuwa da harshen zamani da na maƙalun ilimi. Mai nazarin tarihin harshe ba shi da makawa sai ya nuna ya fara bungo, ko da darasin zango ɗaya ne, ya kuma faɗi haka a fili cikin takardarsa.

Tambayar bincike, da abin da mai jin Hausa ya riga ya mallaka

Ɗalibin kimiyyar harshe wanda Hausa ce harshensa na farko yana shiga wannan fage da kunnen da Bafaranshe ko Ba'amurke ke shan wuya kafin ya samu. Japananci yana bambanta dogon wasali da gajere: obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kuwa kaka. Haka Hausa ke bambanta gari na mazauni da gari na tuwo. Yana bambanta baƙi mai shadda da marar shadda: kite na nufin a zo, kitte kuwa kan sarki, kamar yadda mana ta bambanta da manna. Awon lokacin furuci a Japananci yana tafiya ne bisa ƙaramin yanki da ake kira mora, kuma batun nauyin gaɓa, wanda ke da dangantaka ta kusa da wannan, Paul Newman ya yi fitacciyar maƙala a kansa a 1972 inda Hausa ta kasance cikin manyan misalansa.

Karin sauti ya fi waɗannan jan hankali. A Hausa kowace gaɓa tana ɗauke da nata karin, shi ya sa kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya. A Japanancin Tokyo abin da ke bambanta kalmomi shi ne wurin da murya ke faɗowa, ko rashin faɗowarta. Kalmar hashi in ta zo da harafin ga a bayanta tana da fuska uku: in muryar ta faɗo bayan gaɓar farko, tsinken cin abinci ake nufi, in ta faɗo bayan ta biyu, gada, in ba ta faɗo ba, gefe ko baki. Kare-karen Kiyoto da Osaka suna da tsarin da ya fi wannan yalwa, na Kagoshima kuwa salo biyu kacal yake da su komai tsawon kalma. Dangantakar wannan da Afirka ba ta kamanni kawai ba ce, ta tarihin ilimi ce. Ra'in da ke ɗaukar karin sauti a matsayin layi mai zaman kansa a saman baƙaƙe da wasula ya tsiro ne daga nazarin harsunan Afirka, a ayyukan William Leben, wanda ya yi rubutu a kan karin sautin Hausa, da John Goldsmith a 1976. Shekara guda bayan haka Haraguchi Shosuke ya ɗora shi a kan Japananci. Ɗalibin da ya karanta wannan ra'i a darasin tsarin sauti ya riga ya riƙe rabin kayan aikin da ake muhawara da su a Tokyo.

Haka abin yake ga amsa-kama, inda Japananci ke da ɗimbin kalmomi irin su kirakira ta ƙyalli, Hausa kuma ke da su fat da wur da ƙirin. Haka kuma ga kalmomin aro: Japananci yana raba baƙaƙen da suka haɗu ta hanyar cusa wasali, galibi u, amma o bayan t da d, har kalmar Faransanci ta wani nau'in burodi ta koma kurowassan. Hausa ma cusa wasali take yi, kamar a burodi da firamare da sukurudireba, amma da nata dokokin zaɓen wasalin.

Ga inda tarkon yake. Jera kamannu ba bincike ba ne, kuma takardar da ta ce za ta kwatanta Hausa da Japananci gaba ɗaya ta nuna tun daga kanunta cewa mai ita bai san girman ko ɗaya daga cikinsu ba. Mafi muni shi ne neman dangantakar asali. Ba a rasa mai lura da cewa wata kalma ta Japananci ta yi kama da ta Hausa, ko sunan wani gari can ya yi kama da suna a nan, sai ya fara mafarkin tushe ɗaya. Hausa ƴar gidan harsunan Cadi ce a cikin babban dangin Afro-Asiya, Japananci kuwa danginsa da aka tabbatar su ne harsunan tsibiran Ryukyu. Harsuna biyu masu gaɓoɓi na baƙi da wasali dole su yi karo a wasu kalmomi bisa katari. Malamin da ya ga irin wannan da'awa a shafin farko ba zai buɗe na biyu ba.

Akwai kuma batun sashen da ya dace. In tambayar ta shafi yadda harsunan ɗan Adam ke aiki, Japananci kuma misali ne a ciki, to sashen kimiyyar harshe ya kamata a nufa. Sashen nazarin Japan yana son tambayar da amsarta za ta ƙara wa masana Japan sani game da Japan. A can ƙasar ma rabon yana nan: akwai gengogaku, kimiyyar harshe ta gaba ɗaya, akwai kokugogaku, nazarin harshen ƙasa, mai tushe a tsofaffin matani, akwai kuma nihongogaku, mai kallon Japananci a matsayin harshe ɗaya cikin harsunan duniya. Babbar ƙungiyar masana fannin ta sauya sunanta daga Kokugo Gakkai zuwa Nihongo Gakkai a 2004, kuma wannan sauyi kaɗai ya isa nuna cewa sunayen ba ado ba ne.

Misalin tambayar da za ta iya tsayuwa a sashen nazarin Japan, wadda kuma ɗan Nijar ke da abin cewa a kanta, shi ne batun hogen fuda. Wani ɗan allo ne da ake rataya wa ɗalibi a wuya a makarantun Okinawa in an kama shi yana magana da harshen gida, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Duk wanda ya ji labarin sambol a makarantun bokon ƙasashen da Faransa ta mallaka ya gane wannan hukunci nan take. A 2009 hukumar UNESCO ta lissafa harsuna takwas na Japan cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa, shida daga cikinsu na tsibiran Ryukyu ne, sai Ainu da Hachijo. Mai irin wannan tambaya zai ƙayyade tsibiri, da shekaru, da irin takardun da zai karanta, kamar kundayen tarihin makarantu da tunawar tsofaffin ɗalibai. Zai kuma karanta yadda aka gina ra'ayin harshen ƙasa guda tun daga laccar Ueda Kazutoshi ta 1894. Yanzu da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025, sanin yadda wata ƙasa ta ɗaukaka harshe ɗaya, da abin da hakan ya jawo wa ƙananan harsunanta, ba ilimin nishaɗi ba ne.

Ƙofofin shiga

Ƙofar da ta fi buɗuwa ga ɗalibin Nijar ita ce tallafin karatu na ma'aikatar ilimin Japan, wanda aka fi sani da MEXT, da aka fara a 1954. Ana samunsa ta hanya biyu: ta ofishin jakadanci, ko ta shawarar wata jami'ar Japan. Ofishin jakadancin Japan da ke kula da Nijar yana Abijan. Sanarwa kan fito wajen watan Afrilu, a yi tantance takardu, da rubutacciyar jarrabawar Japananci da Ingilishi, da ganawa. Wanda ya tsallake wannan mataki ne ke neman takardar amincewa daga jami'ar da yake so, sannan ma'aikatar ta yanke hukuncin ƙarshe, a tafi a watan Afrilu ko wajen Oktoba na shekara mai zuwa. Dole mai nema ya kasance bai kai shekara 35 ba. Tallafin ya ƙunshi kuɗin jirgi, da yafe kuɗin makaranta, da alawus na wata wanda a shekarun nan yake tsakanin yen 143,000 da 145,000 gwargwadon mataki.

Abubuwa biyu a cikin wannan tsari sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, ana cike takardun da Japananci ko Ingilishi, saboda haka wanda ya yi dukkan karatunsa da Faransanci yana da harsuna biyu a gabansa, ba ɗaya ba. Na biyu, ƙa'idojin tallafin sun ware fannoni irin su harshen Japan da adabinta da tarihinta da dokokinta, sun ce ba a zaɓen wanda Japanancinsa bai isa ba sai da wani dalili na musamman. Injiniya ko likita na iya tafiya bai san ko harafi ɗaya ba, a ba shi wata shida na koyon harshe. Mai nazarin Japan ba shi da wannan rangwame.

Galibin waɗanda suka samu tallafin ba sa shiga doktora kai tsaye. Suna fara zama kenkyusei, wato ɗalibin bincike marar digiri, a ƙarƙashin malami guda, na wata shida zuwa shekara biyu, sannan su zana jarrabawar shiga. Doktora a Japan shekara uku ce bayan masta ta shekara biyu, kuma ba abin mamaki ba ne malami ya nemi mai masta daga waje ya sake yin masta a wurinsa. A fannonin adabi da harshe kammala kundi cikin shekara ukun nan ba kasafai yake yiwuwa ba. Wannan ba raini ba ne, amma shekaru ne da ya kamata mai iyali ya lissafa kafin ya yi sallama da gida.

Hausa ba baƙuwa ba ce a jami'o'in Japan. Cibiyar nazarin harsuna da al'adun Asiya da Afirka ta Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Tokyo, wadda aka kafa a 1964, ita ce ta wallafa aikin Matsushita Shuji a kan Gwandara, ƴar'uwar Hausa ta kusa, a farkon shekarun 1970. Wannan na iya zama alheri, yana kuma iya karkatar da mutum: ɗalibin da ya je nazarin Japan zai iya wayar gari ya zama mai ba da bayanai a kan harshensa. In hakan yake so, babu laifi, amma ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ga mai nazarin Japananci kansa, cibiyar da ya kamata ya sani ita ce NINJAL da ke Tachikawa, wadda aka kafa a 1948, mai rumbun rubutaccen Japanancin zamani na kalmomi kusan miliyan 100.

A Faransa tsarin sananne ne ga ɗalibin Nijar: sai an samu malami mai izinin jagorantar bincike ya amince, sannan makarantar doktora ta karɓa, kwangilar doktora kuma ta shekara uku ce, ana samunta ta hanyar gasa. Inalco ta birnin Paris, inda Léon de Rosny ya fara koyar da Japananci a 1863, tana koyar da Hausa ita ma. Amma kusan duk masu shiga sun yi masta ne a fannin nazarin Japan, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024 batun biza ya zama wani aiki mai zaman kansa. A Ingila, SOAS ta Landan da Oxford suna neman cikakken tsarin bincike, samun gurbi kuma daban yake da samun kuɗi. A Amurka ana rufe karɓar takardu a Disamba ko farkon Janairu, ana neman bayanin manufa, da samfurin rubutu, da wasiƙun malamai uku, da shaidar Ingilishi. Manyan jami'o'in kan ɗauki nauyin ɗalibi kimanin shekara biyar, amma kowane sashe ƴan ƙalilan yake ɗauka, kuma da yawa daga cikin abokan takarar sun riga sun zauna a Japan, wasu sun yi kwas ɗin wata goma na cibiyar koyar da Japananci ta haɗin gwiwar jami'o'i da ke Yokohama. Kuɗin neman gurbi ba a mayarwa, don haka ya kamata a tabbatar da halin biza kafin a biya.

Wasiƙar farko da tsarin bincike

A Japan da Faransa da Ingila, malami ake nema kafin jami'a. Rumbunan intanet na CiNii da J-STAGE da researchmap suna nuna abin da kowane malami ya wallafa, kuma yawancin maƙalun J-STAGE kyauta ake karanta su. Wasiƙar da ta fi samun amsa gajera ce. Tana faɗin ko wane ne mai rubutun da abin da ya karanta, tana ambaton takamaiman aikin malamin da ya karanta da abin da ya ɗauka daga ciki, tana bayyana tambayar cikin jumla biyu, tana kuma faɗin inda kuɗin karatu zai fito. In da Japananci aka rubuta ta, ita kanta jarrabawa ce, domin harshen girmamawa da ake kira keigo yana da siffofin ɗaukaka wanda ake yi wa magana da na ƙanƙan da kai, kuma musanya su kuskure ne da ke bayyana nan take. Bahaushen da ya san bambancin yi wa malami magana da ka da kuma yi masa da ku ya san nauyin abin, sai dai a Japananci aikatau ɗin kansa ne ke sauyawa. Ana kiran malami da sunan gidansa haɗe da sensei. Wasiƙa ɗaya da aka aika wa malamai goma ana gane ta, balle a fanni ƙarami inda kowa ya san kowa. Ya kamata kuma a duba shekarun malamin, domin a yawancin jami'o'in gwamnatin Japan ana yin ritaya a shekara 65, kuma wanda ya kusa kai wa ba ya ɗaukar sabon ɗalibin doktora.

Tsarin binciken, wanda Japanawa ke kira kenkyu keikakusho, ƴan shafuka ne, amma a kansa ake yin ganawa. Abin da masu dubawa ke fara nema shi ne ko mai shi ya karanta abin da Japanawa da kansu suka rubuta a kan batun. Tsarin da duk madogararsa Faransanci ne da Ingilishi yana tona asirin matakin harshen mai shi fiye da kowace takardar jarrabawa. Suna kuma duba ko an faɗi dalilin da ya sa sai a wannan jami'a za a yi aikin: wane rumbun bayanai, wane ɗakin karatu, wane tsibiri.

Wasiƙun shaida daga malaman gida suna buƙatar lokaci, fassarar takardun digiri zuwa Ingilishi ma haka. Sakamakon JLPT ta Disamba yana fitowa a ƙarshen Janairu, ta Yuli kuwa sai ƙarshen Agusta. Ke nan wanda ke son takardar shaidar ta shiga cikin abin da zai miƙa wa ofishin jakadanci bayan sanarwar Afrilu, ta Disambar da ta gabata zai zana, rajistarta kuma ana rufe ta watanni kafin ranar jarrabawar.